Sake ɗura harsashin ƙaramar bindiga da zubin dalma

Sake ɗura harsashi aikin hannu ne da masu harbin gasa da sauran masu riƙe bindiga bisa doka suke yi, galibi a Amurka, sai Kanada, Ostareliya da wasu ƙasashen Turai. Mutum ya tsince kwanson tagullar da ya harba, ya wanke, ya sa masa sabbin kayan ciki, ya koma da shi filin harbi. Abu huɗu ne ke cikin harsashi: kwanso, da 'yar hular da ke gindinsa mai ba da tartsatsi, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Kwanson ya fi sauran tsada, shi kaɗai kuma ke saura bayan harbi. Wasu suna ƙara rage kuɗi ta hanyar narka dalma su zuba ƙwayar da kansu a mazubi, maimakon sayen ta masana'anta mai rigar jan ƙarfe. Da libarba, wato ƙaramar bindiga mai ɗakunan harsashi da ke juyawa, wannan ba wuya. Da fistol mai ɗora harsashi da kanta kuwa akwai magana, domin bindiga ce mai tsirfa.

Asali

Ƙwayar dalma zalla ta girmi mai riga nesa ba kusa ba. Sai a 1882 Eduard Rubin, wani hafsan sojan Suwizalan, ya fito da ƙwaya mai riga, kuma a 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ke tura ƙwaya da gudun da dalma tsirara ba ta iya jurewa. Soja suka koma mai riga, fararen hula suka ci gaba da zubi. A shekarar ta 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven ta jihar Konetikat yana ƙera mazubai da kayan ɗuri, daga baya kamfanin Lyman ya saye shi a 1925. Kamfanin RCBS ya biyo baya a 1943 a Orobil ta Kalifoniya, sai Lee a 1958 a Wiskonsin, wanda arahar kayansa ta shigo da talaka cikin harkar.

Hular gindin ma ta taka rawa. Ƙirar Edward Boxer, Baturen Ingila, tana da huda ɗaya a tsakiyar kwanso, ana ture tsohuwar hula cikin sauƙi. Ƙirar Hiram Berdan, Ba'amurke, tana da ƙananan hudoji a gefe, cire ta aiki ne. Abin mamaki, Amurka ta rungumi ta Baturen, Turai ta daɗe kan ta Ba'amurken. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗuri ya fi kafuwa a Amurka.

Haɗin ƙarfen

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salsiyos, shi ya sa ƙaramar tukunyar lantarki ta isa. Amma zallarta ta yi laushi: a ma'aunin taurin Brinell ba ta wuce 5 ba. Akan haɗa ta da kuza, wadda ke sa narkakken ƙarfen ya cika kowane lungu na mazubi, da kuma wani ƙarfe da ake kira antimoni mai kawo tauri. Sanannen haɗin nan da ake kira Lyman mai lamba 2, kashi 90 dalma ne, 5 kuza, 5 antimoni, taurinsa wajen 15. Ƙarfen da tsoffin maɗaba'u ke zuba haruffa da shi yana kaiwa wajen 22.

Shekaru da dama abin da masu zubi suka fi dogara da shi shi ne 'yan ƙarafan da ake maƙalawa a jikin wilin mota don daidaita taya, waɗanda masu faci ke bayarwa bokiti-bokiti. Wannan kasuwa ta mutu murus a wurare da yawa, tun da Tarayyar Turai ta hana na dalma a 2005, Kalifoniya ma ta bi sahu, aka koma na baƙin ƙarfe da zinki. Zinki kuwa idan ya narke cikin tukunya ya ɓata ta gaba ɗaya, ƙarfen ya yi gudaji ya ƙi kwanciya a mazubi.

Abin da fistol ke buƙata

Libarba ba ruwanta, a sa harsashi a ɗakinsa a ja kunama. Fistol kuwa da ƙarfin harbin take ja da marfinta baya, ta tofar da kwanso, ta kwaso na gaba daga gidan harsashi, ta hau da shi wani ɗan gangare ta cusa a bututu. Idan ɗurin ya yi rauni marfin ba zai kai ƙarshe ba, kwanso ya maƙale a bakin taga. Idan kan ƙwayar bai dace da gangaren ba, sai ta cije a hanya. Saboda haka mai zagayayyen kai ta fi tafiya lafiya. Duk da haka wadda ta fi suna a gasar harbin takarda ita ce mai kafaɗa ta kamfanin Hensley & Gibbs mai lamba 68, nauyin giren 200, wato wajen giram 13, domin tana yanka huda mai tsabta da alƙali zai ƙirga ba gardama, kuma tsawon hancinta ya sa fistol ɗin da ake kira 1911 tana haɗiye ta.

Akwai kuma batun bakin kwanso. A yawancin harsasan fistol bakin kwanson ne ke tokare shi a cikin bututu, don haka ba a lanƙwasa shi ciki yadda ake yi wa na libarba, matse shi kawai ake yi kaɗan. In riƙon bai yi ƙarfi ba, ƙwayar tana iya nutsewa cikin kwanso sa'ad da ta bugi gangare, wurin albarushi ya ragu, matsin iska ya haura fiye da kima.

Ba kowane harsashi ke karɓar dalma daidai ba. Na .45 ACP, wanda John Browning ya ƙera sojan Amurka kuma suka ɗauka a 1911, yana tafiya a hankali, wajen mita 250 a daƙiƙa, kuma iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta sa masa fam 21,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Shi ne abokin dalma na gaske. Na milimita 9 na Georg Luger da .40 S&W na 1990 suna kaiwa 35,000, a ƙaramin kwanso, kuskure kaɗan sai ya nuna.

Shafewar dalma a bututu

Babban ciwon kan masu zubi shi ne dalmar da ke shafewa a cikin bututu. Wanda ya haska tocila bayan harbi zai ga zane-zane masu ruwan toka sun kwanta a kan layukan murɗen da ke juya ƙwaya, wani lokaci har a zaro su siri-siri da buroshi. Sabon shiga yakan ɗauka laushi ne ya jawo, sai ya nemi ƙarfe mafi tauri, alhali sau da yawa girma ne bai dace ba. Ƙwayar da ta yi wa bututu kaɗan tana barin zazzafar iska ta kurɗa ta gefenta, ta zaftare dalma ta watsa a bango, kuma mai tauri ta fi wahalar kumbura ta toshe gibin. Shi ya sa ƙwayar zubi takan ɗara mai riga kauri da kashi ɗaya cikin dubu na inci: .452 maimakon .451, ko .356 maimakon .355. Bambancin bai kai kaurin gashi ba, amma shi ke raba bututu mai tsabta da mai datti.

A da ana cika zoben da ke jikin ƙwayar da man shafawa, galibi kakin zuma haɗe da wani mai da ake kira Alox. Yana aiki, sai dai hayaƙi da maiƙo. Daga shekarun 2010 mutane da yawa suka koma shafa mata fentin roba da ake gasawa, wanda ya rage hayaƙin da shafewar, ya kuma cika filayen harbi da ƙwayoyi ja da kore da shuɗi.

Bindigogin Glock na ƙasar Ostiriya sun jawo muhawara mai tsawo. Cikin bututunsu ba shi da layuka masu kaifi, murɗaɗɗen lanƙwasa ne mai santsi, kuma kamfanin ya gargaɗi masu saye kada su yi amfani da harsashin da aka sake ɗurawa. Fargabar ita ce dalma ta taru ta ƙuntata hanya har matsi ya fi ƙarfin bindiga. Masu son dalma da yawa sukan sayi wani bututu mai layukan gargajiya su musanya.

Haɗari da doka

Kurakurai biyu aka fi tsoro: zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, abin da kan tarwatsa bindiga a hannun mai ita, da mantawa da shi gaba ɗaya, inda ƙwaya ke tsayawa a tsakiyar bututu ta gaba ta zo ta same ta. A wajen zubi, ɗigon ruwan da ya nutse cikin narkakkiyar dalma yakan zama tururi nan take ya watso ta sama. Sai gubar dalmar kanta, mai shiga jiki ta ƙura da hannun da ba a wanke ba, ta taru a jini da ƙashi, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Hular gindin ma a mafi yawan lokuta tana ɗauke da sinadarin dalma, shi ya sa ƙurar wankin kwanso da iskar rufaffen ɗakin harbi suke da haɗari.

A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda ke ɗura wa kansa, amma mai sayarwa sai da shi, bisa dokar bindigogi ta 1968. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa kafin a ba mutum izinin sayen albarushi. Birtaniya ta haramta wa fararen hula yawancin ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yaran makaranta da bindiga a garin Dunblane, don haka ɗurin can ya fi karkata ga dogayen bindigogi. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba, fistol kuma tana cikin makaman da aka fi tsaurara wa sharuɗɗan mallaka.