Li Na: yadda 'yar Wuhan ta ci manyan kofunan tanis bayan ta fita daga hannun hukuma

Wace ce Li Na, kuma me ya sa har yanzu ake ambatonta?

'Yar wasan tanis ce daga birnin Wuhan na lardin Hubei a ƙasar Sin, an haife ta ranar 26 ga Fabrairu, 1982. Kafin ita, babu wani ɗan Asiya, mace ko namiji, da ya taɓa cin ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu da ake kira Grand Slam a wasan mutum ɗaya-ɗaya. Ita ta ci biyu: na Faransa a 2011 da na Ostareliya a 2014. Jimillar kofunanta a gasannin ƙwararrun mata na WTA tara ne, kuma a Fabrairun 2014 ta kai matsayi na biyu a duniya.

Da tanis ta fara tun tana ƙarama?

A'a. Mahaifinta ɗan wasan badminton ne, shi ya sa ta a wannan wasan tana da shekara 6. Tana da kimanin shekara 8 masu horarwa suka ga yadda take juya hannu ya fi dacewa da tanis, aka mayar da ita can, a lokacin da yawancin mutanen Sin ba su san wasan ba. Mahaifin ya rasu tana da shekara 14. A 1997 ta shiga tawagar ƙasa, ta kuma yi wata 10 tana samun horo a makarantar John Newcombe da ke Texas a Amurka. A 1999 ta zama ƙwararriya.

An ce ta taɓa ajiye wasan tana tsaka da ƙuruciya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A 2002, tana da shekara 20, ta tattara kayanta ta bar tawagar ƙasa, ta shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Huazhong a Wuhan tana karatun aikin jarida. Ta gaji da horo mai tsauri wanda faɗa ya fi yabo yawa a cikinsa, ga rashin lafiya, ga kuma saɓani da jami'ai kan wanda zai horar da ita. Da ta dawo a 2004, a shekarar ta ci gasar Guangzhou, ta zama 'yar Sin ta farko da ta ɗauki kofin WTA ita kaɗai. A 2006 ta auri Jiang Shan, abokin wasanta tun suna yara, ta kuma kai zagayen 'yan takwas na ƙarshe a Wimbledon, gasar Grand Slam ta Ingila.

Mene ne ainihin rigimarta da hukumar wasanni?

Nan ne gundarin labarin. A tsarin da ta taso cikinsa, gwamnati ce ke ɗaukar yaro tun yana ƙarami, ta ciyar da shi, ta horar da shi, ta biya masa kuɗin jirgi da masauki. A madadin haka ita ke zaɓar koci, ita ke cewa ga gasar da za a je, kuma kusan kashi 65 cikin 100 na kuɗin da ɗan wasa ya ci nata ne. Wannan tsari ya yi aiki a wasannin da ake tara lambobin Olamfik, har ma a tanis ɗin 'yan bibbiyu, domin Li Ting da Sun Tiantian sun ci zinare a Athens a 2004. Amma tanis ɗin ƙwararru yawo ne na kusan wata 11 a shekara, kowace 'yar wasa da nata koci da mai duba lafiyarta da jadawalin da ya dace da jikinta.

A gasar Olamfik ta Beijing a 2008 Li Na ta fitar da Venus Williams, sannan ta ƙare a ta huɗu. Bayan gasar hukuma ta sassauta, ta bar mata huɗu su ci gashin kansu: Li Na, Zheng Jie, Yan Zi da Peng Shuai. Kason hukuma ya sauka zuwa tsakanin kashi 8 da 12, sai dai kuma duk ɗawainiya ta koma wuyansu. Idan ba a ci ba, albashin koci daga aljihu zai fito.

A ganina masu cewa ta yi nasara ne don ta guje wa gwamnati sun faɗi rabin gaskiya. Gwamnatin ce ta ɗauki nauyinta sa'ad da gidansu ba shi da hali. Amma kuma ba a musun lissafi: duk manyan abubuwan da ta yi, bayan 2008 ta yi su, tana dab da shekara 30, lokacin da wasu ke shirin ritaya.

Yaya aka yi ta ci gasar Faransa?

A Janairun 2011 ta kai wasan ƙarshe a Ostareliya, Kim Clijsters ta doke ta. Daga nan wasanta ya lalace na wasu watanni, har ta sauke mijinta daga matsayin koci ta ɗauko Michael Mortensen ɗan Denmark. Filin Paris na jar ƙasa ne, ƙwallo ba ta gudu a kansa, kuma ba a ɗauka ya dace da mai bugu da ƙarfi irinta ba. Duk da haka ta bi ta kan Petra Kvitova, Victoria Azarenka da Maria Sharapova, sannan ranar 4 ga Yuni ta doke mai riƙe da kofin, Francesca Schiavone ta Italiya, da ci 6-4, 7-6. An ƙiyasta mutum miliyan 116 suka kalli wasan a talabijin a Sin.

To me ya sa sai bayan kusan shekara uku ta sake ci?

Ɗaukaka ta zo da nauyinta: kamfanoni, talla, da idon mutane fiye da biliyan. Ta yi ta faɗuwa a zagayen farko-farko. A tsakiyar 2012 ta ɗauki Carlos Rodriguez, tsohon kocin Justine Henin, wanda ya gyara mata yadda take fara bugu, ya kuma tura ta matsowa kusa da raga. A wasan ƙarshe na Ostareliya a 2013 sau biyu tana faɗuwa, ta gurɗe a idon sawu, ta buga ƙeya da ƙasa, Azarenka ta ci. A 2014 saura maki ɗaya Lucie Safarova ta fitar da ita a zagaye na uku, sai ƙwallon da Safarova ta bugo ta ɗan wuce layi. Wanda bai da rabon faɗuwa ke nan. Li Na ta je ta doke Dominika Cibulkova 7-6, 6-0 a wasan ƙarshe.

Me ya sa 'yan kallo ke sonta haka?

Barkwanci. A Melbourne, inda ake gasar Ostareliya, a 2011 ta gaya wa cikakken fili cewa minsharin mijinta ne ya hana ta barci. Da ta karɓi kofi a 2014 ta gode wa wakilinta Max Eisenbud don ya azurta ta, ta kuma ce wa mijin ya yi sa'a da ya same ta. A gida kuwa ba kowa wannan bakin ya yi wa daɗi ba, musamman tun da ta taɓa daka wa 'yan kallon Beijing tsawa su yi shiru ana tsaka da wasa.

Me ya sa ta yi ritaya tana kan ganiyarta?

Gwiwa. Tiyata huɗu aka yi mata, uku a ta dama, ta ƙarshe a ta hagu. Ta sanar da ritaya ranar 19 ga Satumba, 2014, kwanaki kaɗan kafin a buɗe sabuwar babbar gasar Wuhan, wadda sunanta ya taimaka wajen kawo ta garin. A 2019 aka shigar da ita zauren karrama gwanayen tanis na duniya da ke Newport a Amurka, ita ce ta farko cikin haifaffun Asiya.

Akwai wadda ta gaje ta?

Zheng Qinwen ce ta fi kusa. Ita ma 'yar Hubei ce, ta yi horo a Wuhan, daga baya ta koyi wasa a hannun Rodriguez a Beijing. A 2024 ta kai wasan ƙarshe a Ostareliya inda Aryna Sabalenka ta doke ta, sannan a watan Agusta ta ci zinaren Olamfik a Paris bayan ta doke Donna Vekic, lambar da Li Na ba ta taɓa samu ba.