Ciwon Jan Kunne ga Yara

Ciwon jan kunne wata lalura ce da fatar kunne ta waje ke yin ja da zafi da raɗaɗi kamar an kara mata garwashi, jim kaɗan kuma ta koma yadda take ba tare da ta bar tabo ba. Yakan kama kunne ɗaya, wani lokaci duka biyun. Tashinsa kan ɗauki daga ƴan mintoci zuwa ƴan sa'o'i, galibi rabin sa'a zuwa sa'a guda. Wani yaron kullum sai ya tasar masa, wani kuwa sai ya yi wata bai gani ba. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi James Lance, mutumin Ostareliya, shi ya fara bayyana shi a 1994, sannan a 1996 ya wallafa bayanin majinyata 12.

Abin da ke jawo shi

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga kunne sun fito ne daga wuri biyu: wasu daga gaɓa ta biyu da ta uku ta ƙashin wuya, wata kuma reshe ce ta babbar jijiyar fuska, wadda ita ce ke da hannu a ciwon ɓarin kai. Ana zaton idan suka harzuƙa sai ƙananan hanyoyin jinin kunne su buɗe, jini ya cika su, kunne ya ɗau zafi. Shi ya sa a wurin yara ya fi zuwa tare da ciwon ɓarin kai, kamar yadda likita Vincenzo Raieli da abokan aikinsa suka nuna a birnin Falamo na Italiya: kunne na iya yin ja kafin ciwon kan, ko a tsakiyarsa, ko shi kaɗai. A wurin manya an fi danganta shi da matsalar ƙashin wuya ko gaɓar muƙamuƙi.

Abubuwan da ke tayar da shi ƙanana ne: shafa kunne, tauna, juya wuya, guje-guje, wanka da ruwan zafi, tsifa ko kitso, da zafin rana irin na Maris da Afrilu a Zariya.

Yadda ake gane shi

A nan ne wahalar take, domin a jikin yaro baƙi jan ba ya fitowa fili. Sau da yawa kunnen kan ƙara duhu ne kawai, ya yi sheƙi. Hannu ya fi ido gani: a ɗora bayan yatsu a kan kunne ɗaya, sannan a kan ɗayan, za a ji bambancin ɗumin. Yarinyar da ke sanye da hijabi kuwa sai dai a ga tana ɗaga shi daga gefe ɗaya tana cewa kunnenta na ƙuna.

Babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da ciwon, kuma kafin a isa asibiti yawanci kunnen ya huce. Don haka a ɗauki hoton kunnuwan biyu da waya a cikin hasken rana, a rubuta lokacin da ya fara, tsawon da ya ɗauka, abin da yaron ke yi, da ko akwai ciwon kai, tashin zuciya ko gudun haske. Rubutun mako huɗu ya fi amfani ga likita a kan dogon bayani da ka.

Babbar alamarsa ita ce yana tashi ya lafa da kansa. Kunnen da ya kwana ya wuni a kumbure wani ciwo ne daban. Idan saman kunne ya kumbura amma ƙasansa mai laushi bai taɓu ba, musamman bayan huda ta sama, guringuntsi ne ya kamu, kuma jinkiri na iya lanƙwasa kunnen har abada. Kumburi a bayan kunne da ya turo shi gaba, ga zazzaɓi ko mugunya, alama ce ciwon cikin kunne ya kai ga ƙashi. Ƙaiƙayi da ɓawo a gurbin huda kan fito ne daga ƙarfen ɗan kunne. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa, balle a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ba a kwana da su a gida.

Kulawa

Idan ya tashi, a kai yaro inuwa, a cire hula ko ɗankwali, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi kamar minti 10. Ƙanƙara sai an naɗe ta a ƙyalle, don tsirararta na ƙona fata. Idan da ciwon kai ana ba da farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha miligiram 300. Ba a bai wa yara asfirin. Yawan shan maganin ciwon kai, har ya kai kwana 15 a wata, shi kansa yana haifar da ciwon kai.

Kuskure ne ɗiga mai ko ruwan albasa a ramin kunne, ko sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Ramin kunnen lafiyarsa ƙalau, ɗigin na iya jawo masa ciwon da babu a da.

Babu wani magani guda da aka tabbatar yana warkar da ciwon. Idan yana yawan tashi har yana hana makaranta, likita kan gwada magungunan kare ciwon ɓarin kai irin su amitiriftilin, yana bibiyar yaron, tare da gyara lokacin barci, karin kumallo da shan ruwa. A Zariya ana samun likitocin yara da na kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Yaron da jan kunnensa ya zo da ciwon ƙeya mai tsananta idan ya yi tari, ko layi wajen tafiya, ko raunin hannu, shi ake tura wa hoton ƙwaƙwalwa da wuya.