Waiwaye: Yadda Dainoson Filin Wasa Ya Rasa Gashinsa

Duk lokacin da aka buɗe sabon lilo mai dainoso a filayen wasannin da ake ginawa a kan finafinai, sai gardama ta sake tashi. Masu nazarin ƙasusuwan halittun da su ce ana nuna wa yara abin da ba haka yake ba: dabbar da ake kira Velociraptor ba ta fi babban talotalo ba, kuma gashi ne a jikinta irin na tsuntsu. Masoyan lilon su ce ai ba makaranta aka zo ba, tsoro aka zo saya. Wasu kuma kukansu daban ne, cewa an rage mutum-mutumi masu motsi an cika wuri da allunan bidiyo. Wanda ya shigo zancen jiya zai zaci sabo ne. Tsoho ne, kuma akwai shekara ɗaya da ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali a cikinta aka ɗaura ƙullin.

Farkon labarin sananne ne. A 1854 aka buɗe gumakan dainoso na Crystal Palace a Landan, aikin Benjamin Waterhouse Hawkins, inda aka ɗora wa wani dainoso mai suna Iguanodon ƙaho a kan hanci, daga baya aka gane babban yatsansa ne. A baje kolin duniya na New York a 1964 mutane suka ga dainoso masu motsi, wasunsu aka kai su Disneyland a 1966. Sai fim ɗin Jurassic Park na 1993, wanda ya zana wa duniya kamannin da ta riƙe har yau.

Shekarar da nake nufi ita ce 1996.

A watan Yuni na shekarar aka buɗe lilon fim ɗin a filin wasa na kamfanin finafinai na Universal da ke Hollywood, bayan an kashe kusan dala miliyan 110, kuɗin da ya fi wanda aka kashe wajen yin fim ɗin kansa. An fara tsara shi tun ba a gama fim ɗin ba, shi ya sa aka ɗauko tafiyar kogi da ke cikin littafin asali, wadda ba ta shiga fim ba. Kwalekwale mai cin mutum 25 yana tafiya a hankali tsakanin dabbobi masu cin ganye, sai abubuwa su rikice, a ƙarshe ya rikito daga tsayin ƙafa 84 cikin ruwa.

Wannan zaɓi na ruwa shi ne abin da na ga ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Masu aikin fim ɗin sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu da ruwa. Babban mutum-mutumin T. rex, ƙaton dainoso mai cin nama, da suka ƙera fatarsa roba ce mai soso. Da aka sakar masa ruwan sama na ɗaukar hoto, sai fatar ta tsotse ruwa, nauyinta ya ƙaru, injin ya kama kakkarwa, har sai da ma'aikata suka riƙa goge shi da tawul kafin a ci gaba. Wannan fa aikin 'yan kwanaki ne a cikin ɗaki. To ina ga dabbar da za ta tsaya a bakin ruwa, a rana da raɓa, tana ɗaga wuya tana buɗe baki sau ɗaruruwa a yini, shekara da shekaru? Dole fatarta ta zama mai kauri, sumul, wadda za a wanke da mesa a sake mata fenti. Gashin tsuntsu kuwa sai an dasa shi ɗaya bayan ɗaya, yana jiƙewa ya manne, yana tara datti, yana shiga gaɓoɓin inji. Ko da a ce masu zanen sun san da gashin, kogin da suka haƙa ba zai yarda da shi ba.

Kuma ba su sani ba. Watanni biyu kacal bayan buɗe lilon, wani manomi a lardin Liaoning na ƙasar Sin ya fasa wani falalen dutse, ya tarar da ƙasusuwan ƙaramin dainoso da bai kai mita ɗaya ba. Daga wuyansa zuwa bayansa har ƙarshen jela akwai wani duhun layi, kamar an bi shi da gawayi. Gashi ne. Aka sa masa suna Sinosauropteryx, kuma a watan Oktoba hotunansa suka isa taron masana a New York. A shekarar da kimiyya ta fara ganin gashin dainoso da idonta, a shekarar aka gama zuba tsohuwar siffarsa cikin ƙarfe da kankare.

Daga nan hanyoyin biyu suka rabu. Aka gina irin wannan kogi a Orlando ta Amurka a 1999, aka gina a Osaka ta Japan a 2001. Su kuma masana, a 2007 suka samu 'yan ƙulle-ƙulle a ƙashin hannun Velociraptor, irin waɗanda manyan gashin fiffike ke kafuwa a kansu a jikin tsuntsaye. A 2010 aka gano launin Sinosauropteryx, ja-ja ne mai zobe-zobe a jela. A 2012 aka bayyana Yutyrannus, dangin T. rex mai tsawon kusan mita 9, shi ma da gashinsa. Shi T. rex kansa, gaskiya, guntayen fatarsa da aka samu ɓawo suke nunawa, don haka ba a kowane wuri tsohuwar siffar ta kuskure ba.

Sai dai yanzu akwai wani abin da ya fi kankare tauri. Yaron da ya shiga kwalekwalen a 1996 yau da ɗansa yake zuwa, kuma dabbar da ta tsorata shi ita yake so ya nuna masa. Yana jiran dainoson da ake kira Dilophosaurus ya buɗe rigar wuyansa ya tofa masa ruwa, duk da cewa babu wata shaida a ƙashi da ta nuna rigar ko tofin. Mu masu zuwa kallo muna da hannu a ciki, domin abin da muka saba da shi muke biya a nuna mana.

Lilon Hollywood ya yi shekara 22 kafin a rufe shi a 2018 a sabunta. Da aka sake buɗewa a 2019, Mosasaurus, wani ƙaton halittar ruwa na zamanin dainoso, ya fito a allon bidiyo kamar yana iyo a cikin tanki. A 2021 aka buɗe VelociCoaster a Orlando, lilo ne na keke a kan dogo, mai gudun kusan kilomita 110 a awa, yana hawa tsayin mita 47. A irin wannan gudu dabbar wucewa kawai ake yi ta gefenta, kuma wannan ya fi damuna a kan batun gashin, don an daina tsayawa a dube ta.

Finafinan sun fara nuna masu gashi a 2022, saboda kwamfuta ba ta tsoron ruwa. Na filin wasa, idan har zai zo, sai an gina masa rufaffen ɗaki busasshe, da keke mai tafiya a hankali, da fitila da za ta bar yaro ya ga gashin wuyansa yana miƙewa kafin ya juyo da kai.