Kwana nawa doka ta yarda a tsare mutum kafin shari'a?

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Wannan matsala na cikin manyan dalilan da suka sa aka yi dokar gudanar da shari'ar laifuka ta ACJA, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015. Ita ta maye gurbin tsofaffin dokoki biyu, ɗaya ta Kudu ɗaya ta Arewa, a kotunan tarayya da na Abuja. Jihohi kowace ta yi irin tata: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambar sashe da adadin kwanaki kan bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka sassan da za a ambata a nan na dokar tarayya ne, wanda ƙararsa ke kotun jiha sai ya duba ta jiharsa.

Tun daga wurin kamu dokar ta fara. Sashe na 7 ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Idan yaro ya gudu, ba a ɗauko uwarsa ko matarsa a ce sai ya bayyana. Sashe na 8 ya hana kama mutum a kan rikicin da ba laifi ba ne, kamar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wanda ake binsa kuɗin buhunan masara kotun farar hula ce wurinsa, sai fa idan akwai damfara a ciki, kuma ta nan ake yawan shigo da dabara, a sauya wa bashi suna ya koma cin amana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita waɗannan hane-hane guda biyu. Sashe na 6 na ACJA kuma ya wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kamun, da cewa yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, sannan a sanar da danginsa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

A caji ofis agogon kundin tsarin mulki ne ke aiki. Sashe na 35 na kundin ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Idan bincike bai kammala ba kuma laifin ba mai hukuncin kisa ba ne, 'yan sanda na iya ba da beli. Mace na iya tsaya wa mutum, sashe na 167 na ACJA ya faɗi haka ƙarara, duk da cewa har yau akan ce wa mata su je su kawo namiji. Wajen ɗaukar jawabi kuwa, sashe na 15 da na 17 sun tanadi a rubuta, a ɗauki bidiyon amsa laifi, a yi a gaban lauya ko jami'in hukumar ba da tallafin shari'a ko wani da mutum ya zaɓa, a kawo tafinta idan ba ya jin Turanci. Kotun Ƙoli ta riga ta nuna cewa ikirarin da aka samu ba ta wannan hanya ba ana iya watsi da shi.

Inda mutane ke ɓacewa shi ne a matakin da ke biye. A ce an zargi mutum da fashi da makami ko kisan kai. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara, ta babbar kotu ce. Amma can 'yan sanda ke kai shi, a karanta masa takardar zargi, alƙali ya ce a kai shi ajiya har sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. A da, wannan "har sai" ba ta da iyaka. Fayil na iya kwana a durowar ɗan sanda mai bincike, a yi masa canjin wurin aiki, mutum ya shekara biyar ba wanda ya sake kiran sunansa.

Sashe na 293 zuwa 296 ne suka sa wa abin ƙa'ida. Dole mai neman a tsare ya shigar da buƙata a rubuce tare da rantsuwa da dalilai, kuma alƙali ya gamsu cewa akwai hujjar da ta haɗa mutumin da laifin. Umarnin farko ba ya wuce kwana 14. Idan an kawo dalili mai ƙarfi, a ƙara wasu 14. Idan waɗannan sun ƙare ba a shigar da tuhuma a kotun da ta dace ba, alƙali zai aika takardar sammaci ga sufeto janar ko kwamishinan 'yan sanda da kuma antoni janar, ya ɗage zama na kwanakin da ba su wuce 14 ba, su zo su faɗi abin da zai hana a saki mutumin. Idan sun gamsar da kotu, akwai ƙari na ƙarshe, shi ma kwana 14. In an haɗa duka, kwana 56 ke nan. Bayan nan kotu za ta sallame shi ko da ba wanda ya roƙa, kuma ba za a sake karɓar buƙatar tsare shi a kan wannan magana ba. Shawarar antoni janar ɗin da ake jira, ita ma sashe na 376 ya ba ta kwana 14 daga ranar da fayil ya isa ofishinsa.

Me ke hana wannan tafiya daidai? Sau da yawa fayil ɗin bai ma isa ma'aikatar shari'a ba, domin ba a kwafe shi an tura ba. Wani lokaci ranar komawa kotu ta zo babu motar da za ta kawo fursunoni, sai a sake sa rana a bayan idonsa. Saboda haka abin da ya fi amfani ga dangi shi ne su riƙe abu uku a rubuce: ranar da aka ba da umarnin tsarewa na farko, lambar ƙara, da ranar da aka tura fayil. Da su lauya zai tsaya ya ce wa alƙali kwanakin sun cika. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, hukumar ba da tallafin shari'a tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Haka kuma sashe na 34 ya ɗora wa majistare ziyartar caji ofisoshin yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli inda ya dace. A wuraren da ake yin wannan ziyara da gaske, ana rage cinkoso sosai.

Idan shari'a ta fara, sashe na 396 ya ce a riƙa zama kullum. In bai yiwu ba, kowane ɓangare ɗagewa biyar yake da ita, tsakanin kowace ba a wuce kwanakin aiki 14 ba. Wani ɓangare na wannan sashe bai tsira ba: ya ba alƙalin da aka ƙara wa girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara damar dawowa ya ƙarasa shari'ar da ya fara. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki, abin da ya rushe ɗaurin shekara 12 da aka yi wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu. Tun daga lokacin, ƙarin girman alƙali na nufin a faro shari'ar daga tushe a gaban wani, a sake kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya, wanda ba a ba shi beli ba kuwa yana ciki yana jira.