Baƙar beyar a lokacin 'ya'yan itacen daji: tambayoyinku da amsoshina

Wai beyar ba nama take ci ba?

Tana ci in ta samu. Amma yawancin abincinta tsiro ne da ƙwari.

Akwai ta a Yankari?

Babu. Dabbar Kanada ce da Amurka da arewacin Meziko. Don Allah a daina maimaita wannan tambayar.

Me ya sa take wuni a cikin kurmi a watannin Yuli da Agusta?

Lokacin ne ƙananan 'ya'yan itace irin su bulubari suke nuna, ƙwayoyin da ba su wuce girman magarya ba. Da leɓe take zuge su daga reshe, ta haɗiye har da ganye. Kitse take tarawa, domin in hunturu ya shigo za ta kwanta a rami watanni ba ci ba sha. Macen da ba ta yi ƙiba sosai ba, cikinta ba ya zama, ba za ta haihu a Janairu ba.

In na je tsinka muka yi kiciɓis fa?

To, nan ne ake bukatar natsuwa, kuma amsar ta danganta da halin da ka same ta. Galibi ita ce za ta fara kaucewa, kada hankalinka ya tashi. Kada ka ruga, ta fi ka gudu nesa ba kusa ba, kada kuma ka hau bishiya, gwanar hawa ce. Yi magana da murya a kwance, ka ja da baya sannu a hankali, ka bar mata hanyar fita. In tana huci tana buga ƙasa da hannu, yawanci tsoro ne, so take ka matsa. In kuwa tana bin ka shiru, wannan ya fi hatsari: tsaya, ɗaga hannuwa, daka mata tsawa, in ta kawo hari ka rama da duk abin da ke hannunka. Kwanciya kamar matacce dabarar tsira ce daga girizli, wata beyar daban mai tozo a kafaɗa. Sai dai launi na ruɗarwa, a jihar Montana ta Amurka akwai baƙar beyar mai jan gashi, don haka duba tozon.

Zan iya jefa mata burodi in ɗauki hoto?

Haba! A shekarar da 'ya'yan itace ba su yi ba, yunwa ke kai ta kwandon shara. Da zarar ta saba da abincin mutane sai ta daina tsoronsu, ƙarshenta jami'an gandun daji su harbe ta. A gandun Yellowstone na Amurka doka ta ce ka tsaya nesa da yadi 100. Bi dokar.