Waiwaye: Tun yaushe na'urorin rezo suka fara cin wuta ko ba sa aiki?

Da bazara ta kama a Yamai, zancen fada ɗaya ne: kuran ya tafi, rezo ya bi bayansa, batiran antene ba sa kai ko'ina. Wani ya ce batiran ne marasa kyau, wani ya ce tsadar gazuwal ce ta hana tada gurup. Ba kasafai ake tambayar me ya sa na'urar kanta ke shan wuta haka ba.

A cikin kayan sadarwa da yawa akwai wata 'yar guntuwar lantarki mai suna FPGA, wadda ake iya sake tsara haɗin cikinta bayan ta baro masana'anta. Kamfanin Xilinx na Amurka ya fito da ta farko a 1985, da ɗakunan lissafi 64 kacal. Tun 1974 wani injiniyan lantarki mai suna Robert Dennard ya nuna cewa in an ƙanƙanta tiransisto, wato ɗan ƙaramin makunnin lantarki da ake gina irin wannan guntuwa da shi, aka rage masa ƙarfin wuta, za a iya cusa su da yawa wuri ɗaya ba tare da zafi ya ƙaru ba. Kusan shekara 30 ana tafiya a haka.

Tsakanin 2004 da 2006 abin ya tsaya, kuma a ganina nan ne tushen maganar. Da ma'aunin ƙanƙantar tiransisto ya sauko zuwa nanomita 90 da 65 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shingen da ke tare wuta a cikin tiransisto ya yi siriri ƙwarai, har wuta na zurarewa ko an kashe shi, kamar randa mai yoyo. Ƙarfin wutar kuma ya maƙale wajen bolt 1, ya ƙi sauka yadda aka saba. FPGA ta fi jin jiki, domin mafi yawan jikinta hanyoyi ne da makunnai da aka tanada ko za a buƙace su. Injiniya zai yi aiki da wani sashe, sauran na zaune, amma duka suna yoyo. A 2006 masu bincike a Jami'ar Toronto suka auna, suka ga ko a bakin aiki tana cin wuta fiye da ninki goma na guntuwar da aka ƙera don aiki ɗaya tak.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Yoyon yana ƙaruwa da zafi, shi kuma yoyon zafi yake haifarwa. A watan Afrilu Yamai da Tawa na wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ya wuni a rana. Sai fanka da kilim su tashi, daga batirin nan dai suke ja. Gaskiya ne sashen da ke ƙarfafa sigina ya fi FPGA cin wutar antene, amma ita FPGA ba ta hutawa ko tsakar dare da kira ya ragu.

Daga 2011 sabon salon tiransisto mai suna FinFET ya rage yoyon sosai. Sai dai kayan sadarwa suna daɗewa a bakin aiki, kuma adadin da ke rubuce a takardar na'ura sau da yawa a digiri 25 aka auna shi. Mai lissafa batir da sola da wannan adadin a Yamai, lissafinsa zai gaza tun kafin a kafa antenen.