Ilhan Omar: farkon shigarta siyasa a Minnesota

Ilhan Abdullahi Omar 'yar siyasar Amurka ce, 'yar asalin Somaliya. An haife ta a Mogadishu ranar 4 ga Oktoba, 1982. Tana da shekara biyu mahaifiyarta ta rasu, ta tashi a hannun mahaifinta da kakanta. Da yaƙin basasa ya ci ƙasar a 1991, iyalin suka tsere Kenya, suka yi shekara huɗu a sansanin 'yan gudun hijira, sannan suka isa Amurka a 1995. Bayan ɗan zama a Arlington da ke jihar Virginia, suka tare a Minneapolis da ke jihar Minnesota, inda mahaifinta ya tuƙa tasi kafin ya samu aikin gidan waya.

A matsayin tafinta ta fara sanin siyasa. Tana 'yar shekara 14 take raka kakanta tarurrukan unguwa na jam'iyyar DFL, reshen Demokrat na jihar Minnesota. Ta zauna gefensa, a yi magana da Turanci ta juya masa da Somaliyanci, in ya ba da amsa ta mayar wa jama'a. Ba ƙaramar makaranta ba ce wannan, domin a irin waɗannan tarurruka ake fitar da wakilan da ke tsayar da ɗan takara, kuma ta laƙanci yadda ake yi tun ba ta isa jefa ƙuri'a ba. Ta zama 'yar ƙasar Amurka a shekarar 2000.

Daga 2006 zuwa 2009 ta yi aikin wayar da kan iyalai kan abinci mai gina jiki a ƙarƙashin Jami'ar Minnesota. Ta kammala digiri a Jami'ar Jihar North Dakota a 2011. A 2013 ta jagoranci kamfen ɗin Andrew Johnson na kujerar kansila a Minneapolis, da ya ci kuma ya ɗauke ta mai taimaka masa. A watan Fabrairun 2014 rikici ya ɓarke a wani taron jam'iyya, aka yi mata duka har ta ji rauni a kai. Hakan bai sa ta ja da baya ba.

A zaɓen fidda gwani na Agustan 2016 ta kayar da Phyllis Kahn, wadda ke majalisar dokokin jihar tun 1973, ta kuma ci kujerar mazaɓar 60B a Nuwamba. Ita ce 'yar asalin Somaliya ta farko da ta shiga majalisar dokoki a Amurka. A 2018 ta gaji kujerar Keith Ellison a Majalisar Wakilai ta tarayya, wadda ta sassauta dokarta ta 1837 mai hana rufe kai a zaure, aka rantsar da ita da hijabinta a Janairun 2019.